Kai Ummi Yaye Garwa

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta kawo ɗinki shagona da ke Wunti a nan Bauchi, kafin ma ta kwance atamfarta sai ta ce, "Hauwa, yaya jirgin? Da gaske ne kunne yana toshewa a sama?" Laifina ne, ni na cika unguwa da zancen ta sama za mu je Kamaru. Har doguwar riga na ɗinka wa kaina, shuɗiya, wai don ta dace da sararin samaniya. To ga labarin nan sau ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in yi aikina. Ban shiga jirgin sama ba, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai mu Garwa ba.

Ummi ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, wato Inna, wadda ke zaune a Garwa. Ranar suna da yamma Inna ta aiko da saƙo ta waya: "Wannan tawa ce. In ta isa yaye a kawo mini." Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki, don shi kansa Baban Ummi, ɗan Inna na fari, haka aka yi da shi. Yana da shekara biyu Goggo Dudu, ƙanwar mahaifinsa da Allah bai ba haihuwa ba, ta goyo shi daga Garwa zuwa Bauchi, a hannunta ya girma, a nan ya yi karatu har ya buɗe shagonsa na maganin dabbobi. Zuwansa wurin Inna tun daga lokacin, yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga shi.

Mu ma a gidanmu Fulani ne da shanu suka ƙare mana tun zamanin kakanni, kunyar ce kawai ta rage, ita kam mun riƙe ta gam. Ba na faɗin sunan Ummi na yanka, ga shi sunan 'yar fari, ga shi sunan suruka. Ba na yi mata wasa a gaban manya. Ita kuma da ta fara magana sai ta bi bakin ƙannena tana kirana Adda, wato yaya. Saboda haka da saƙon Inna ya zo, "to" na ce. Jaririyar kwana bakwai ce a hannuna, yaye kuwa a ganina yana can bayan duniya.

Da watanni suka fara gudu sai Baban Ummi ya lura ba na cin abinci sosai. Wata rana ya buɗe taswira a wayarsa, ya ɗora babban yatsa a kan Bauchi, ɗan manuni a kan Garwa, ya ce, "Duba ki gani, ko taƙi guda bai kai ba. A jirgi ko awa ɗaya ba za a yi ba. Duk bayan wata biyu ko uku sai ki je ki gan ta." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. In ina taka keke jirgi ya gifta ta saman gari, Ummi ta ɗaga yatsa tana bin sa, sai hankalina ya bi bayansa. In gan ni zaune kusa da taga, gajimare na wucewa a hankali, na karya kumallo a Wunti, kafin azahar ina zaune a wani tsakar gida da ban taɓa gani ba ina yi wa Ummi kitso. Sau biyu ina haɗa hannun riga a baibai saboda wannan tafiya ta cikin kai.

Da Ummi ta cika wata ashirin da ɗaya, mu uku muka je shagon Madam Chinwe, wadda ke yankar wa mutane tikiti a bayan kasuwa, ni da Baban Ummi da Goggo. Madam tsohuwar mai kawo mini ɗinki ce. Ta daɗe tana danne-danne, sannan ta zare gilashinta.

"Anti Hauwa, ka zauna tukuna," in ji ta. "Babu jirgi daga nan zuwa Garwa. Za ku je Abuja, daga Abuja Legas, daga Legas Duwala, sannan ku hawo Garwa. Jirgi huɗu ke nan. Yarinya ba shi da matsala, tunda bai kai shekara biyu ba a cinya za ka riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne. Ku manya ne wahala."

Ta juyo mana da fuskar kwamfutar. Na ga lambobi sun yi jerin gwano, na ɗauka lambar waya ce. Goggo ba ta karatun boko, sai ta taɓo Baban Ummi ta ce, "Kai, faɗa mini da shanu."

Ya motsa baki yana lissafi, sannan ya ce, "Goggo, zuwa da dawowa, shanu biyar ba za su kai mu ba."

"La'ilaha illallahu! Ni da na goyo ka, man shanu ƙwarya biyu na sayar na biya mota, har da canjin goro."

Madam ta ƙara da cewa nan da wata uku ma yarinyar sai an saya mata kujerarta. Sannan ta dube ni ta ce, "Amma me za ku je yi da ƙaramin yarinya nesa haka?" Na ce yaye. Ta ce, "Yaye na kwana nawa?" Muka yi mata sallama muka fito. A bakin shagon nan na gane cewa zancen duk bayan wata biyu mafarki ne. In na bar Ummi a Garwa, sai dai in riƙa ganin girmanta a waya. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, amma alkawari kaya ne, kuma ni na ce "to" da bakina.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka shiga motar Gombe. Na sa shuɗiyar rigar nan, tunda dai an riga an ɗinka. Goggo ce ta riƙe Ummi, kamar yadda ta saba in za mu shiga mutane, ni kuma na rungume jakar kayanta, wadda na shirya har da rigunan da sai baɗi za su yi mata daidai. Damina na ban kwana, dawa ta fid da kai, kogin Dindima ya cika ya yi jajir. Ummi ta kalle shi ta ce "wanka," motar ta ɗauki dariya.

Kusa da ni wata matar soja ce daga barikin Shadawanka, Maman Joy, za ta je ganin gida Numan. Tun daga Alkaleri take ciyar da Ummi, biskit, ayaba, dafaffen ƙwai. Na so in ce ƙwai ba ya zama a cikinta, amma uwar 'yar fari ba ta nuna ta san cikin 'yarta a gaban suruka, sai na kau da kai. Muna shiga Gombe Ummi ta miƙo daga cinyar Goggo ta juye komai a kan rigar sararin samaniya. Maman Joy ta yi ta ba da haƙuri tana goge ni da ɗankwalinta, tana cewa, "Ƙanwarki ce ko? Kuna kama." Na ce eh.

A Gombe muka sauya mota. Bayan Kaltungo taya ta fashe, direba ya ce kowa ya sauka, Goggo ta ce ita ba za ta taka ciyawar ƙasar kububuwa ba ko da za a ɗaga motar da ita a ciki. Haka kuwa aka yi, aka ɗaga da ita. Ni na zauna a kan wani dutse ƙarƙashin tsamiya, iska na kaɗawa, duwatsu sun yi shuɗi can nesa, barci na fizgata. Tun daga nan na kama wani lissafi da ba na so. Duk garin da muka wuce sai in ce a raina, in aka bugo waya aka ce zazzaɓi ya kama ta, nan ma sai na wuce. In ta fara zuwa makaranta tana son in ga allonta, nan ma. Na ƙirga garuruwa har na gaji, ba mu ko kai rabi ba.

A Numan Maman Joy ta sauka, ta sayo mana soyayyen kifi ta taga, ta ce in gaishe da mamanmu. Kifin ya yi daɗi, ban taɓa cin mai zaƙinsa a Bauchi ba. Ana kiran magariba muka shiga Jimeta. Mun sauka gidan wata Hajja mai ba matafiya hayar ɗaki kusa da tasha, mata ɗaki guda, maza a zaure. Zafin garin kamar an rufe tukunya, sauro kuwa ko sallama ba ya yi. Hajja ta kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa, ta tambayi inda muka nufa. Da ta ji, sai ta ce, "Yaye a wata ƙasa? Mu nan gida na uku ake kaiwa." Goggo ta fita alwala, na jawo Ummi na ba ta nono, ta kama kunnena tana murzawa kamar yadda take yi. Na ƙirga, saura kwana ɗaya a raba mu da wannan.

Da safe muka shiga wata ƙaramar mota da aka yi wa lodin mutum tara da buhunan omo. Kwalta ta raka mu ɗan nesa ta koma abinta. Daga nan sai jar ƙasa da kwazazzabai, wani wurin mu sauka mu taka, wani wurin maza su tura. Rana ta take tsaka muka isa ƙauyen bakin iyaka. Ni da nake zaton zan ga katanga da ƙofa, sai na tarar da kogi, da 'yan rumfuna, da sanda da aka gicciya a kan ganga biyu.

A wata rumfa aka karɓi takardunmu. Wata jami'a ce, doguwa, mai kakkausar murya, da jin Hausarta ka san a bariki ta koya. Ta duba namu ta ajiye, ta ɗauki takardar haihuwar Ummi, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ummi na bayan Goggo.

"Wace ce uwar yarinyar nan?"

Na sunkuyar da kai. Goggo ta ce, "Tamu ce."

"Ban ce ta wa ce ba. Wa ya haife ta?"

Baban Ummi ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu, ta ce ya jira a waje. Ta juyo kaina. "Ke ce? To yaya sunanta?"

"Ummi."

"Ba shi ke takarda ba. Faɗi na takarda."

Ku da kuka san gidanmu kun san abin da aka tambaye ni. Goggo na tsaye a gefena, kafaɗarta na gogar tawa, sunan kuma na matar yayanta ne. Na yi murmushin nan na kunya da muke yi, wanda a gida ake yaba wa yarinya saboda shi, a rumfar nan kuwa ya zama murmushin marar gaskiya. Jami'ar ta zagayo ta leƙa fuskar Ummi, ta nuna ni, ta ce, "'Yan mata, wace ce wannan?" Ummi ta washe baki ta ce, "Adda."

Nan take fuskar matar ta sauya. Ta ce Goggo ta kwance goyon. Ta karɓi Ummi ta koma da ita bayan tebur. "Kun san yara nawa ake fita da su ta kogin nan da sunan ziyara? Uwa ba ta san sunan 'yarta ba, 'ya ba ta san uwarta ba. Yarinya za ta zauna a nan sai an bincika."

Ummi ta dubi baƙuwar fuska, ta dube ni, ta miƙo hannu biyu ta tsala ihu. Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Khadijatu! Sunanta Khadijatu. 'Yata ce, ni na haife ta, ranar Talata da hantsi ana sanyi. Tana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu, ki duba. Haƙoranta goma sha shida. Ƙwai ba ya zama a cikinta. Ba ta barci sai ta riƙe kunnena. Ki ba ni 'yata."

Muryata har waje, masu canjin kuɗi da 'yan acaɓa suka leƙo. Na zagaya teburin da ba a ba ni izinin zagayawa ba, na karɓe ta, na zauna a kan benci na ba ta nono a gaban kowa, hawaye na zuba a kanta. Jami'ar ta ɗaga kunnen Ummi ta duba, ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "To tun ɗazu me ya hana ki?"

Goggo ta ce a hankali, "Kunya ce, 'yar nan. 'Yar fari ce."

"Mama, wannan kunyar taku wata rana za ta sa ku rasa ɗa." Ta buga hatimi ta miƙo mana takardun.

Muka shiga kwalekwale. Na jira Goggo ta karɓi Ummi, ko ta yi mini faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba, ruwa kawai take kallo. Mai tuƙi na dafa gora yana turawa, gaɓar Najeriya na ja da baya a hankali, balbelu na bin saman ruwa. Ummi ta yi barci a ƙirjina. Sunan yana nan a bakina, ina ta juya shi ba sauti. Ban taɓa sanin yana da daɗin faɗa haka ba. Na so a ce kogin nan ba shi da ɗaya gaɓar, mu yi ta tafiya a haka.

Amma yana da ita. A can aka canza mana naira da sefa, damin kuɗi ya koma 'yan takardu kaɗan, Goggo ta ce an yi musu wankin da suka shige. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar muciya, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba takarda, ya hau babur abinsa. Na biyu kuwa Fulatanci. Kowa da shi yake magana, 'yan sandansu da suke kira jandarma, mai sayar da mai, har wata mai gicciye a wuya da ta sayar mana da ruwa. Ni Bafulatanar Bauchi sai ga ni ina raba ido, Goggo na yi mini tafinta tana jin daɗin abin.

La'asar sakaliya muka shiga Garwa. Gari ne mai itatuwan dogon yaro jere a bakin titi, babura sun fi na Wunti yawa amma ba su kai su hon ba. Da rana tsaka kuma rabin kasuwa rufewa take a je a huta, abin da in na yi a shagona sai a ce na yi arziki.

Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce, fara, gwiwoyinta sun kumbura, da sanda take tashi. Ta karɓi Ummi ta ɗora a cinya tana yi mata magana da Fulatanci, tana kiranta takwara. Ni ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Baban Ummi ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango, "Lafiya. An zo lafiya?" Shi ke nan gaisuwar shekara bakwai. Aka kawo tuwo da miyar yakuwa da suke kira folere, mai tsami da kifi a ciki, na lura kwanon da ya fi kifi waje aka fita da shi, wurinsa.

Washegari aka fara yaye. Malam ya yi rubutu aka ba Ummi ta sha, aka mai da shimfiɗarta ɗakin Inna, ni kuma aka kai ni gidan maƙwabta don kada ta gan ni. Na ɗaure ƙirji da zani, ciwo kamar an zuba mini garwashi. Kwana biyu ina jiyo kukanta ta kan katanga ina cusa ɗankwali a baki. A rana ta uku kukan ya tsaya. A ta huɗu na jiyo dariyarta, tana bin kaji tana kiran Inna. Wallahi dariyar ta fi kukan yi mini ciwo, na kuma ji kunyar kaina da na ji haka.

Don a ɗauke mini hankali, matan gidan suka kai ni gadar Binuwai kallon dorina. Mun gan su kuwa, uku, kunnuwa da hanci kawai a saman ruwa, ɗaya da ɗanta a gefe. Jirgi ya taso daga filin garin ya bi ta kanmu ya nufi kudu. Ban ɗaga kai na bi shi da kallo ba.

Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, Inna ta aika a kira ni. Na same ta a inuwa ita da Goggo suna ɓarar gyaɗa, Ummi na barci a tabarma. Ta turo mini ƙwarya, muka yi ta ɓara. Can ta ce da Hausarta mai karyayyen harshe, "Ba ni labarin hanya."

Na ce hanya lafiya, mun sha zama dai.

"A'a. Gari-gari za ki faɗa mini. Ni ban taɓa wuce kogi ba."

Ashe ko bikinmu ba ta zo ba ne saboda na ɗan fari ne, ƙannenta ta turo. Sai na faro mata daga tashar Bauchi, kamar yadda na faro muku. Ita ce ta fara jin labarin nan kafin ku. Duk inda na kai sai ta tsayar da ni. Daga nan zuwa can awa nawa? Akwai inuwa? A ina kuka sami ruwa? Yarinyar ta yi kuka? Da na kai Jimeta na ce a nan muka kwana, sai hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Kwana kuma? Ba wuni guda ba ne?"

"Kwana biyu ne, Inna, in mota ba ta lalace ba."

Ta juya wurin Goggo. Ba ta ambaci kowa ba, ta ce, "Ke fa, Dudu? Wancan karon?"

Goggo ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa. "Uku muka yi. A bayan babbar mota, kan buhuna."

"Ya ci abinci?"

"Bai ci ba sai a Gombe."

"Ya yi kuka?"

"Har Numan. Daga nan muryar ta dushe, sai baki kawai yake buɗewa." Goggo ta share ido da gefen mayafi. "Ke yake kira, Dija. Shekara talatin da uku ba ki tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba."

Inna ta ce, "An ce mini nan kusa ne."

Ta sake ɗibar gyaɗa. Can Goggo, wadda na ɗauka ta rufa mini asiri, ta kwashe abin da ya faru a rumfar bakin iyaka ta faɗa tas, har da haƙora goma sha shida. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ce, "A gaban ma'aikata?" Goggo ta ce, "A gaban kowa." Inna ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɓara. Na jira ta ce wani abu game da Ummi, ba ta ce ba. Ni kuma duk ƙarfin bakin da na samu a bakin kogi ya gudu ya bar ni, ban iya roƙonta ba.

Da safe na kai jakar kayan Ummi ɗakin Inna na ajiye a bayan ƙofa. Na faɗa wa wata ƙanwar Baban Ummi da ke gidan zancen ƙwai, da zancen kunne. Inna ta ce za ta raka mu tasha. Aka ce gwiwa fa, aka kawo babur, ta ce da ƙafa za ta je. Ta goyi Ummi, ta ɗauki sandarta, wani ɗan flas a ɗaya hannun. Tafiyar da ba ta fi minti goma ba muka yi ta a rabin awa, ina bayanta, ƙafafun Ummi na lilo a gabana.

Mota ta cika, mu kaɗai ake jira. Na durƙusa na yi wa Inna sallama. Ban kalli Ummi ba, wannan karon ba don kunya ba, na san in na kalle ta ba zan iya shiga motar ba. Na miƙe zan wuce, Inna ta ce, "Juya."

Na juya. Sai na ji ɗumin Ummi a bayana. Inna ta yafa zanin goyonta, ta zagayo gabana ta ɗaure da hannunta, ta ja sosai har numfashina ya tsaya.

"Ta yayu," in ji ta. "Na yi nawa."

Goggo ta ce, "Dija, takwarar taki fa? Ke kika ce taki ce."

"Tawa ce. A can ma tawa ce. Hanyar ta yi wa yaro nisa."

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni. Inna ta daki kafaɗata ta ce in bari, mutane na kallo. Sannan ta miƙo mini flas ɗin nan, ta rage murya, idonta na kan ƙasa, ko gefen da Baban Ummi yake tsaye ba ta kalla ba.

"Kunun gyaɗa ne. Ki ba wancan. Ranar da za a tafi da shi na dama masa na hanya, mutane suka cika tsakar gida, na kasa fitowa in bayar."

Direba ya yi hon. Muka shiga, mota ta tashi, na waiwaya na hango ta tsaye ta dogara sanda, babu zani a kafaɗarta. Sai da muka fita gari na miƙa wa Baban Ummi flas ɗin, na faɗa masa saƙon yadda aka faɗa mini, ban rage ko kalma ba. Ya riƙe shi a cinya har muka wuce ƙauye biyu. Sannan ya buɗe, ya juya fuskarsa wajen taga, ya riƙa kurɓa da zafinsa, kafaɗunsa na rawa. Mutumin da ko ƙosai ɗaya ya saya sai ya raba uku, ranar bai yi wa kowa tayi ba, ya shanye shi tas.